Yadda Shiru Ya Kusa Cinye Aikin Abokina

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a ina karatun kwamfuta, an yi damuna biyu a jere da ruwa ya yi mana rowa a ƙasar Isa da Sabon Birni. Abin da za ni ba ku labarinsa a ta biyun ya faru. Ta farkon an ci abin da ke rumbu an lallaɓa, ta biyun kuwa ta iske rumbunan wayam.

Gab da dogon hutu wani malaminmu ya shigo aji ya nuna mana wani shafi a intanet. Wasu masu bincike ne a ƙasashen waje suke gina babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta tun daga kunnawa har kashewa. Ba ta sayarwa ba ce. A buɗe take, kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, in ya isa ya gyara. Duk shekara sukan jero ayyukan da suke so ɗalibai su ɗauka a lokacin hutu, wanda aka zaɓa kuma a haɗa shi da wani gwani daga cikinsu ya riƙa duba masa aiki.

Ni da yake Allah ya yi ni da son abin da za a gani a yaba, sai na zaɓi aikin ƙawata fuskar manhajar, launuka da tagogi da abubuwa masu ƙyalli. Na rubuta takardar neman shiga da wani Turanci mai nauyi, wanda ni kaina sai da ƙamus nake gane abin da na faɗa. Ba su ɗauke ni ba. Wani abokina suka ɗauka.

Abokin nan nawa Bafulatani ne, rugarsu na gefen Turba, suna noma suna kiwo. Mutum ne da za ku yi shekara ɗaki ɗaya ba ka ji ya ɗaga murya ba. Shi can ƙasan jerin ya gangara, ya ɗauko aikin da kowa ya tsallake: a gyara yadda manhajar ke adana fayil, ta yadda in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu abin da ke ciki ba zai lalace ba.

Na ce masa, "Kai dai ba ka son a san ka. Wa zai ga wanga aiki?"

Ya ce, "Wanda wuta ta ɗauke mashi."

Aka yi hutu, na koma gidanmu a Isa, shi ya wuce ruga. Yadda yake aikin nan har yau yana ba ni mamaki. Babu lantarki a rugarsu, batirin laftof ɗinsa kuma ya daɗe da mutuwa, sai an jona yake kamawa. Saboda haka a littafin rubutu yake tsara komai da biro, da tsakar rana in an huta. Ranar kasuwar Bafarawa sai ya hau babur ya je rumfar wani mai cajin waya, ya jona, ya kwafe abin da ke littafin, ya gwada, ya aika. Janaretan mutumin tsoho ne tukuf, ba ya awa ɗaya bai yi tari ya mutu ba, kuma yana mutuwa laftof ɗin ke binsa. Ni na ɗauka wannan masifa ce. Ashe wurin gwajin da babu wanda ke da irinsa a cikin masu binciken nan Allah ya ba shi.

A rumfar nan ya gano cewa in wuta ta ɗauke a wani taki na musamman, fayil yana lalacewa duk da gyaran da ya yi. Ya bi diddigi, ya iske matsalar ba a nasa rubutun take ba. Tana cikin wani tsohon ɓangare ne, wanda gwanin da aka haɗa su da shi ya rubuta da hannunsa tun shekaru. Na taɓa ganin hoton mutumin, dattijo ne, kansa fari fat.

Su kuma ƙa'idarsu, duk maganar aiki a zauren imel ake yin ta, inda kowa ke karanta saƙon kowa. Abokina ya rubuta abin da ya gani cikin ladabi, yana ta kewaye-kewaye. Dattijon ya amsa da layi biyu, ko gaisuwa babu. Ya ce an daɗe da gwada wannan ɓangaren, lafiyarsa ƙalau, ɗalibi ya duba kwamfutarsa ko rubutunsa. Na karanta amsar, domin kullum ina leƙen zauren. Ba don son ilimi ba, gaskiya, har da ɗan hassada.

Daga nan abokina ya yi tsit. Kasuwa ɗaya ta ci, ta biyu ta ci, ta uku ta ci, babu saƙo. Dattijon ya tambaya sau biyu ina ɗalibinsa ya shiga. Sai ga saƙo na uku: in bai ji daga gare shi nan da mako guda ba, zai ɗauka ya janye, a rufe aikin.

Hassadar ma na neme ta na rasa. Da safe na ari babur ɗin yayana na kama hanyar Turba. Gonaki hagu da dama, geron da aka shuka har sau biyu ya nannaɗe ganye ya yi ja. Na iske su a bakin wata rijiya mai zurfi, shi da mahaifinsa suna jan guga, shanu sun kewaye su haƙarƙari a waje. Na durƙusa na gaida Baffa, muka yi barka da rana, muka yi jajen ruwa, sannan na ja abokina gefe na nuna masa saƙon a wayata.

Ya karanta, ya miƙo mini wayar. Na ce, "Mi ya hana ka magana? Ka daina zuwa Bafarawa ne?"

"Ina zuwa. Na ga tambayoyinshi duka biyu."

"To?"

"To mi za ni ce mashi? Mutumen ga ya girmi Baffa. Shi ya gina wurin nan tun ban san boko ba. In tashi gaban jama'a in ce mashi kai ka yi kuskure?"

Na ce, "Ka ce kai ka yi kuskuren mana, a wuce wurin."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ban yi ba. Na gwada har na gaji. Ba ni yi mashi ƙarya, ba ni kuma kunyata shi."

Sai a nan na gane abin da ke faruwa, na rasa dariya za ni yi ko kuka. A wurinmu in babba ya yi magana, na ƙasa ya sunkuyar da kai ya yi shiru bai ce "to" ba, babban ya san akwai magana a ƙasa. Zai bari mutane su watse, ya kira shi gefe ya ce, "Faɗa mini." Abokina mako uku yana jiran dattijon ya kira shi gefe. Shi kuwa bawan Allah can a ƙasarsu, shiru a wurinsa gudu ne kawai.

Baffa ya ga mun daɗe, ya ɗaure igiyar guga ya matso. Ɗansa ya yi masa bayani da Fulatanci, ni ina tsaye ina gyaɗa kai kamar ina ji. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya zuwa Hausa saboda ni.

Ya ce watan da ya wuce arɗonsu, wato shugaban rugarsu, ya kafe a kora shanu wani tafki da ke gabas, wai tun tasowarsa bai taɓa ganin ya ƙafe ba. Kowa ya san ya ƙafe, ba wanda ya iya faɗa. "Ni ban ce mashi komi ba. Na tahi da ƙahwata, na ɓamɓaro busasshen laka daga tsakiyar tafkin, na zubo cikin hulata. Na iske shi cikin mutane, na gaishe shi, na aje gabanai. Ya duba, shi da kanshi ya ce a sake hanya." Ya dubi ɗansa. "Ba a ce ka yi gardama da babba ba. Amma ka yi shiru har shanu su mutu, wanga ba ladabi ba ne. Kai mashi abin ya gani da idonshi."

Abokina ya ce zai iya rubuta ɗan gwaji wanda zai kwaikwayi ɗaukewar wuta a daidai wannan takin, ta yadda dattijon zai kunna a tasa kwamfutar ya ga fayil ya lalace a gabansa. Amma sai ya samu kwana uku yana zaune da littafinsa, kuma shanu ba su san hutu ba. Wa zai taya Baffa jan ruwa?

Baffa ya juyo. Ni kawai ya duba.

Jama'a, ban san nauyin ruwa ba sai a wannan rijiya. Ranar farko tafukan hannuna suka yi ƙulu-ƙulu, rana ta biyu suka fashe. Guga ɗaya nake fitarwa Baffa ya fitar da uku, ga shi ya ninka ni shekaru. In na tsaya ina haki sai ya ce, "Sannu ɗan birni, kada ka faɗa ciki ka ɓata muna ruwa." Mahaifiyar abokina ke shafa mini man kaɗe da yamma tana ta sa mini albarka. In an tambaye ni yau ko na taɓa ba da gudummawa a babbar manhaja, nakan ce ƙwarai kuwa, kwana uku na yi ina shayar da shanu.

Ranar kasuwa muka tafi Bafarawa tare. Ya jona, ya kwafe, ya gwada, fayil ya lalace kamar yadda ya ce. Saƙon da ya rubuta gajere ne. Ya gaida dattijon, ya ba da haƙurin shirun da ya yi, ya ce ga ɗan gwaji nan, yana roƙon a kunna a gani. Bai ce kowa ya yi kuskure ba. Ya aika, muka zauna muna jira, janareta na tari muna addu'a.

Bayan la'asar amsa ta shigo, kuma a zaure ta shigo, gaban kowa. Dattijon ya ce ya kunna gwajin, fayil ya lalace. Ya ce kuskuren nasa ne, ya yi shekaru a wurin ba wanda ya gani, ɗalibi ne da gaskiya. Ya kuma nemi afuwa kan gajeriyar amsar da ya bayar tun farko.

Ni na daka tsalle. Abokina kuwa rufe laftof ɗin ya yi, ya dafe kai. "Innalillahi. Na sa dattijo ba da haƙuri gaban mutane." Na yi dariya har mai caji ya leƙo ya ga ko lafiya. Da muka koma ruga aka fassara wa Baffa, sai ya ce, "Wanga mutum babba ne. Da kusa yake da na tahi na gaishe shi."

Ruwa dai bai zo ba. Gero ya tafi, rijiyar ta fara ba da laka, dole suka yanke shawarar kora shanu kudu. Abokina ya ƙarasa aikin a kasuwa biyu, ya aika kashin ƙarshe, ya miƙa mini laftof ɗin ajiya, ya ɗauki sandarsa ya bi garke. Bayan kwanaki saƙo ya zo cewa an karɓi aikin, an shigar da shi cikin manhajar. Inda suke babu sabis, sai na ba wani dillalin shanu da ke bin wannan hanyar sallahu, na ce in ya gan shi ya ce masa aiki ya shiga.

An yi kusan mako uku, ran nan dillalin ya tare ni a kasuwar Isa. Ya ce, "Na iske abokinka. Ya ce a gaida dattijon, a ce ya gode. Kuma ya ce a gaya mashi akwai sauran wuri guda mai irin waccan matsala, wurin da aka goge abu, shi ma nashi ne, ya duba." Ya ce sau uku aka sa shi ya maimaita don kada ya manta, shi dai bai san mi ake gogewa ba.

Har yau in na tuna saƙon nan sai in jinjina wa abokina. Mutum yana bin shanu a ƙasa, gonarsu ta ƙone, bai san ko zai dawo makaranta kan lokaci ba, amma hankalinsa na kan kada fayil ɗin wani da bai taɓa gani ba ya lalace. Kuma wanda ya yi mako uku ya kasa buɗe baki, ga shi yana aika wa dattijo gyara ta bakin dillali. Yanzu ni ma ina da na ƙasa da ni a wurin aiki. In ɗayansu ya yi shiru ba na jiran komai, tashi nake in same shi. Cewa "ni na yi kuskure" a gaban mutane kuwa har yanzu tana mini nauyi a baki, ina dai koyo.

Saƙon na rubuta shi a zaure a ranar, yadda aka ba ni shi. Dattijon ya duba. A nan ma abokina ke da gaskiya.