Ƙusar da Darbejiya Ta Haɗiye

Ku matso kusa 'yan uwa, wannan magana ta daɗe tana cina. Ni matar aure ce a Gomari, karatuna bai yi nisa ba, ban cika fita ba, amma in hira ta yi daɗi har tukunya nakan manta a wuta.

A tsakar gidanmu akwai wata darbejiya da na tarar tun ina amarya. Da iskar farkon damina ta kwantar da babban reshenta a kan kwanon ɗakin yara, sai na aika wa ƙanena, wanda sana'arsa ke nan, sare bishiya da injin nan mai sarƙa. Da shi yake ciyar da matarsa da mahaifiyarmu. Ya zo daga shi sai singileti da silifas, hular kwano da safar hannu duk ya baro su, wai ai aikin gidan Yaya ne, yanzu zai gama. Kafin ya tayar da injin ya tambaye ni ko an taɓa kafa ƙusa ko ɗaura waya a jikin bishiyar. Ina kan turmi muna hira da maƙwabciya ta katanga, ko juyowa ban yi ba na ce masa babu komai. Alhali ni da hannuna na taɓa buga wata doguwar ƙusa a wurin don igiyar shanya, ɓawo ya rufe ta, ni kuma na manta.

Sarƙar na taɓa ƙarfen sai tartsatsi, injin ya zabura baya ya sauka a damtsensa na hagu. Ban taɓa ganin jini irin na ranar ba. Da ɗankwalina na ɗaure hannun, a Keke Napep ina ta salati, shi kuma yana ce min in daina kuka, mutane na kallo.

Likitoci sun ceto hannun, amma yatsun ba sa riƙo har yau. Ya sayar da injin, yanzu yana bin dillalai a Kasuwar Shanu. Bai taɓa ɗora min laifi ba. In ya zo cin abinci yakan yi dariya ya ce, "Yaya, yayyaga min naman nan," tunda hannun ba ya iyawa, sai in juya baya in share hawaye.

Masu wannan aiki, ko gidan uwarku ne ku sa kayan kariya, ku duba itace da idonku, kada ku tsaya ga bakin masu gida. Mu kuma in an tambaye mu, mu tsaya mu yi tunani kafin mu amsa. Ke da kike karanta wannan, kin tuna duk abin da kika taɓa kafawa a bishiyar gidanki?