Gishiri da Wuta Kawai

Mahaifina, Casimiro Ledesma, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar shanu a babbar mota daga ƙauyukan Villaguay zuwa mayanka, shi ya sa yake ganin duk duniya babu wanda ya kai shi sanin nama. Ka yi masa musu a kan siyasa, zai ƙyale ka. Ka ce ƙungiyar ƙwallonsa ta lalace, zai ma taya ka zagi. Amma ka kuskura ka ce ana tsuma nama cikin wani abu kafin a gasa, to ka ja wa kanka surutu har yamma.

"Gishiri da wuta kawai," haka yake cewa, yana nuna mutum da tsinin wuƙa. "Duk wanda ya ƙara wani abu, ko namansa ne ba shi da kyau, ko shi ne bai iya ba."

Kowace Lahadi gidanmu cike yake. Naman kwiɓi yake gasawa, faffaɗan nan mai falle ɗaya da muke kira matambre, wanda kowa ya san taurinsa. A hannun Baba kuwa ko da cokali sai ka yanka. In ya kawo shi kan teburi sai a yi wa mai gashi tafi kamar yadda aka saba, shi kuma ya yanko gefen da ya fi soyuwa ya ɗora a farantin Mama, sannan ya zauna yana hura hanci.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, na san gaskiyar maganar tun ina yarinya. Ranar Asabar da rana Baba zai kawo naman daga wurin Tulio mahauci, haɗe da ledar madara biyu da Mama ta ce ya riƙa sayowa, ya wuce kulob wajen karta. Yana fita Mama za ta sauko da wata shuɗiyar tasa daga saman kabad, ta shimfiɗa naman a ciki, ta tuttula masa madarar, ta daka tafarnuwa da masoro ta zuba. Naman ya kwana can ƙasa a cikin firiji, an ɓoye shi da kayan lambu. Da safe ta tsame, ta goge shi tas da tsumma, ta ɗora a tire kamar yanzu ya baro hannun Tulio.

"Mama, ke ki yi aikin, shi a yi masa tafi?" na taɓa tambayarta.

"Noemí, ki bar shi da gishirinsa. Me ya rage ki da shi?"

Mama ta rasu bara da sanyi. Da aka share makoki Baba ya ce Lahadi tana nan yadda take. Muka hallara, ya hura wuta, ya barbaɗa gishirinsa, ya kawo nama. Ranar kowa ya sha tauna. Aka yi tafi sama-sama, kamar ana korar sauro.

Washegari ya ja ni shagon Tulio, wai in zama shaida.

"Kai Tulio, tsohon san noma ka yanka mini, ko tayar mota?"

"Casimiro, naman da nake ba ka tun kana da gashi a ka, shi na ba ka. Haƙoranka za ka tambaya."

Tulio, mutumin da ya kama akwatin gawar Mama, shi Baba ya daina yi wa magana. Ya canza mahauci, nama bai canza ba. Ya ce itacen ne ɗanye. Ya ce shanun yanzu ba sa kiwo, a tsare ake ɗura musu masara. Har iska sai da ta samu nata rabon laifin.

Ga kuma madara. Duk Asabar sai ya sayo leda biyu ya jefa a firiji, ta yi tsami, ni in zo shara in zubar.

"Baba, wa ke shan madara a gidan nan? Kai da ba ka san komai ba sai mate, shayin ganyen nan mai ɗaci?"

"An saba saye," ya ce, ya juya mini ƙeya.

Ni kuma na kafe. Ba zan ɓoye ba, so nake ya buɗe baki sau ɗaya ya ce Ermelinda ce, matata ce take gyara naman nan, ni wuta kawai nake hurawa. Taurin kansa na gada, ba na Mama ba, don haka muka yi ta tauna taya ni da shi, babu mai saukowa.

Yayana Néstor ne ya fara gajiya. Ya kira ni a waya.

"Noemí, yara burodi suke cikawa su dawo gida da yunwa. Surukaina, iyayen Gladis, kullum suna gayyatarmu. Lahadin nan ce ta ƙarshe, in abin bai gyaru ba sai dai mu riƙa leƙo shi da yamma."

Na san in Néstor ya janye da iyalinsa, teburin ya watse ke nan. Baba kuwa ba shi da sauran wani abu a duniya sai wannan teburin. Motar an sayar, Mama ta tafi, Tulio ma Baba ya kore shi da bakinsa.

Ranar Asabar na je gidan da fushina, na shirya in amayar masa da komai. Na tarar da shi a kicin tsaye da hularsa a ka. Nama na kan teburi, a takardar shagon Tulio. Ledar madara biyu na gefe. Kusa da su ga shuɗiyar tasar nan, an sauko da ita, an wanke, har ruwa bai gama tsanewa ba.

"Wannan tasar ta tare mini wuri a sama," ya ce, bai dube ni ba. "Ki san yadda za ki yi da ita. Ni na tafi kulob. Ba zan dawo da wuri ba."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

"Ban taɓa dawowa da wuri ba ranar Asabar. Ko an tashi daga karta, zagaye nake yi."

Ya fita. Na tsaya riƙe da ledar madara, haushi ya cika ni, hawaye ma ya ƙi bari in ga tafarnuwar da nake ɓarewa. Ashe duk watannin nan jira yake, yana sayen madara yana ajiyewa, shi ba zai roƙa ba, shi bai iya ba.

Ranar Lahadi wuƙa ta ratsa nama ba gardama. Ƙaramar 'yar Néstor ta miƙo faranti a karo na biyu. Aka yi tafi na gaske, har da Tulio, wanda ban san lokacin da aka gayyato shi ba.

"Baba, me ka canza?" in ji Néstor.

"Me zan canza? Gishiri da wuta kawai."

Saura kaɗan in jefe shi da cokali. Sai ya yanko gefen da ya fi soyuwa, ya zagayo teburi, ya ɗora a farantina. Ya sunkuyo kamar zai gyara tire, ya rage murya.

"Tafarnuwar ta yi yawa. Uwarki ba ta cika hannu haka."