Falalu Baduku da Takardun Tsire

Falalu mutumin Maradun ne, baduku ɗan baduku. Da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonarsa, sai ya kwaso basillarsa da iyalinsa ya sauka Talata Mafara. Yana da furfura ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, kullum kuwa bayan la'asar yana ɗakin karatun da samarin gari suka buɗe kusa da kasuwa, yana bin baƙi da yatsa.

Zamanin nan gari ya cika da leburorin dam, ciniki ya buɗe, takardar ƙunshi ta yi wuya. Sai littattafan ɗakin karatu suka fara ɓacewa, waɗanda suka rage kuma a buɗe a tarar an yage cikinsu. Da abin ya ishi samarin, suka garƙame ɗakin da kwaɗo.

Wata ranar Talata Falalu ya sayi tsire, yana warware ƙunshin sai ya ga shafin littafin kiwon awakin da yake tsakiyar karantawa, ya jiƙe da mai. Naman nan bai ciwu ba. Ya koma wajen Bawa mai tsire, Bawa ya rantse shi sayen takardar yake yi, bai san daga inda ake kawowa ba.

Falalu bai nemi ɓarawo ba. Keke ya ara ya tafi bakin aikin dam, ya roƙi buhunan siminti na takarda da aka juye, ya ɓare falle na waje mai tsabta, ya yanyanka. Ya bi masu tsire da ƙosai da gyaɗa yana musaya da shafukan littafin da ke hannunsu.

"Wannan ta fi kauri, ba ta yoyon mai," in ji Marka mai ƙosai. Ta jawo tulin shafuka daga ƙarƙashin tabarma ta miƙa masa. "Ungo, Malam. Gobe ka ƙaro."

Kafin kaka babu mai sayen takardar littafi a kasuwar, masu yagewa suka rasa ciniki suka bari. Falalu ya zauna yana jera shafuka, yana ɗinkewa, yana yi musu bango da jar fata. Wasu dai sun tafi ke nan.

Ranar da aka cire kwaɗon, samarin suka damƙa masa mabuɗi a gaban jama'a. Ya riƙe shi har tsufa ya kwantar da shi, kuma a hannunsa ɗakin ya bunƙasa, har daga Morai da Damri ake zuwa aro.