Injin Casa da Bakan Ƙofar Baba

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya fara isowa gonakinmu da rani, kowa a garinmu da ke gefen Bakura ya zama manomin shinkafa, har da waɗanda a da ko gero sai an yi musu gayya. Shinkafa ta yi yawa, mata suka fara kuka da turmi. Yayana kuwa ba ya barin dama ta wuce ta gabansa. Ya je kasuwar Mafara ranar Talata, ya dawo yana washe baki ya ce ya sayi injin casa, mako mai zuwa za a kawo. Kafin kwana uku har ya kafa masa rumfa a filin bayan gida.

Sai da rumfa ta tsaya sannan aka tuna da hanyar shigowa. Ƙofar zaure ko jaki da mangala ba ya bi. Gabas da arewa katangar maƙwabta ce, yamma kuma rumbuna ne da rijiya. Saura ƙofar baya, wadda ake shigo da damman gero.

Ƙofar nan Baba ne ya gina ta da hannunsa shekarar da ya auri Inna. Magini ne, kuma a zamaninsa har Maradun ake zuwa ɗaukarsa. Ya yi mata baka tun daga ƙasa, ya tashi daga hagu ya lanƙwasa ya sauka dama, ya shafe shi da makuba har yana sheƙi. Lokacin da wannan abu ya faru aiki ya riga ya guje shi, don kowa ya koma bulo da kwano. Gidajen da ya gina ana ta rushe su ɗaya bayan ɗaya. Bakan nan ne kaɗai ya rage wanda baƙo zai tsaya ya tambayi wa ya yi.

Yaya ya same shi a zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, injin ga ba ya shiga ƙohwar baya. Sai an hwashe bakan, in ya so a tada ginshiƙin siminti."

Baba ya ce, "To."

Duk wanda ya tashi gidanmu ya san irin wannan "to" ɗin. Ba yarda ba ce.

Ni a lokacin ina aiki da masu awon magudanan ruwa, shekarata biyu ina yawo da biro a aljihun gaba, ina jin duk garin babu mai ilimina. Na sha ganin injiniyanmu yana lissafa inda ruwa zai faɗi in ya tunkuɗo daga bakin bututu, da irin lanƙwasar da za a yi wa kwalbati, duk da lissafi guda wanda a makaranta muke kira kwadiratik. Abin da ke burge ni da shi, amsa biyu yake bayarwa. Na ce a dakata, kada kowa ya taɓa ginin sai na duba.

Na ɗauko tef ɗin awo, Baba ya harare ni. Ya ce gininsa bai san tef ba, da kamu ya yi shi, wato daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa, kuma yana riƙe da awon a kansa. Faɗi daga ƙafa zuwa ƙafa kamu shida, tsayi a tsakiya huɗu da rabi. Na roƙe shi ya matsa kamu ɗaya daga ƙafar hagu ya auna mini tsayin wurin. Ya ɗora hannu ya ce biyu da rabi. Na kusa yin tsalle, don daidai da abin da takardata ta nuna ke nan. Tsoho da ido da laka ya yi lanƙwasar da muke zana wa kwalbati.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Duk inda ka tsaya a ƙofar, ka ninka nisanka daga ƙafar hagu da abin da ya rage zuwa ƙafar dama, ka raba biyu, ka sami tsayin baka a kanka. In kuma tsayin ka sani, sai lissafi ya ba ka wurare biyu, ɗaya a hawa, ɗaya a sauka. Abin da ke tsakaninsu shi ne sararin da kaya za su bi.

Yaya ya ce ya auna injin a Mafara. Tsayinsa har da tayu kamu huɗu, mazurarin da ake zuba shinkafa a samansa kuma faɗinsa kamu uku. Na zauna kan tabarma na buga. Amsa ta fito biyu da huɗu, tas babu ko ɓurɓushi. Sarari kamu biyu ke nan, mazurari kuwa uku. Na sake bugawa, haka ta sake fitowa.

Baba ya ce, "Mi takarda tac ce?"

Na ce, "Ta ce ba ya shiga, Baba."

Ya gyaɗa kai ya tashi ya tafi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba. Na zo ceton bakan, sai ga shi ni na yanke masa hukunci da birona. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ba zan ɓoye ba, can ƙasan zuciyata ina ɗan jin daɗin yadda amsar ta fito ɗas.

Ranar Talata Baba ya saɓa fartanya tun da sassafe ya tafi gona, gonar da babu abin da ya rage a yi mata. Da hantsi mota ta sauke inji a bakin ƙofar baya, yara da manya suka yanyame shi. Yaya ya kawo leburori biyu da diga. Ni kuma na tsaya ina yi wa maƙwabta bayani, ina ɗaga takarda, kamu huɗu, kamu uku, kamu biyu, kamar wani ya tambaye ni.

Daga bayan ƙyauren ɗakin girki muka ji muryar Inna: "Kai ɗan boko, kamun wa?"

Na ce, "Na'am, Inna?"

"Kamu huɗu da kaka ta hwaɗi, kamun wa na? Shekara talatin ina saida yadi cikin gidan ga. In za ni saye, ubanku nika aikawa. In za ni saidawa, yayanka nika kira."

Nan take aka kwashe da dariya. Baba dogo ne, hannunsa kamar na tsani. Yaya kuwa gajere ne dunƙulalle, ya biyo dangin Inna. Na auna ƙofa da hannun wani, na auna inji da hannun wani, na haɗa su a takarda ɗaya ina ta tinƙaho. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Na ce leburori su ajiye diga. Baba ba ya nan balle a ari hannunsa, amma ƙofar tana nan, kuma kamunsa shida ce. Na ja igiya daga ƙafa zuwa ƙafa, na ninka ta biyu, na sake ninka ta uku, kamun Baba ya fito a hannuna. Da shi na auna injin. Tsayi uku da rabi, mazurari biyu da rabi da ɗan ɗoriya.

Na durƙusa na buga a kan gwiwata. Wannan karon amsar ba ta fito da kyan gani ba: ɗaya da rabi da ɗoriya, sai huɗu da rabi saura kaɗan. Na debe, na kwatanta da mazurari. Ya rage kamar yatsa biyu a kowane gefe.

Na ce, "Yaya, shina shiga. Amma sai an bi tsakiya tsaf."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Takardar da tac ce a'a shekaranjiya, ita ta ka cewa i yau?"

Na ce, "Takarda ba ta canza ba, Yaya, hannunka na gajere."

Ya kai mini duka da hula, aka sake dariya, shi ma ya dara. Ya ce a gwada, in ya maƙale diga na nan.

Na ja layi da toka daga tsakiyar ƙofa zuwa waje. Majiya ƙarfi shida suka kama, ni ina gaba ina tafiya da baya ina ta ihu, dama kaɗan, hagu kaɗan, tsaya. Ban taɓa yin salati da yawa a taku goma ba kamar ranar. Da mazurari ya zo ƙarƙashin baka taya ɗaya ta hau tsakuwa, inji ya karkata, muka ji ƙiii, ɗan garin makuba ya zubo mini a ka. Na ce a tsaya. Aka cire tsakuwar, aka sake turawa a hankali, sai ga inji a tsakar fili. Inna ta rangaɗa guɗa, abin da rabonta da yi tun bikin Yaya.

Kafin la'asar an tayar da inji, hayaniyarsa ta cika unguwa. Baba ya dawo ta hanyar masallaci, wadda ta fi nisa, don kada ya bi ta bayan gida. Ya shiga zaure, ya ji ƙarar inji daga ciki, ya jingine fartanya ya zauna ya zuba wa ƙasa ido. Na gaishe shi ya amsa bai ɗago ba. Na ce Inna na kiransa a bayan gida, ya ce ya gaji. Sai da ita da kanta ta leƙo ta ce, "Malam, taso ka gani, ko in sa ɗiyanka su ɗauko ka."

Ya biyo mu yana jan ƙafa. Da ya zagayo rumbu ya ɗaga kai, sai ya tsaya cak. Ya dubi inji a rumfa, ya dubi baka, ya sake duban inji. Ya taka ya je ya ɗora tafinsa a ƙafar hagu, ya bi lanƙwasar da hannu har inda tsawonsa ya kai. Can yatsansa ya faɗa cikin ƙarjin da mazurari ya yi, bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Ya juyo, idonsa ya yi jajir, ya daka mana tsawa: "Wane sakarai yak karce man gini?"

Ya naɗe hannun riga ya ce in kawo masa ruwa da ƙasa, kuma in yi maza kafin rana ta faɗi.