Shafi na Talatin da Ɗaya

Malam Baffa ɗan leburan kuza ne. Mahaifinsa a ramukan Riruwai ya ƙare ƙarfinsa, yana ɗaukar ƙasa a ka daga nan ya zube can. Shi kuwa Baffa Allah ya ba shi kan lissafi. Ya yi digiri, ya yi na biyu a Zariya, ana ta cewa zai zarce, sai tsohon ya kwanta ciwo. Ya tattaro ya dawo gida ya kama koyarwa a sakandare, shekara ashirin da bakwai yana riƙe da alli.

Amma ya taho da wata tambaya daga Zariya, irin wadda masana lissafi suke fama da ita har yau. In aka tsokano shi a majalisa sai ya gyara zama. Ga tulin ƙasa, ga rami, ana so a kwashe tulin a cike ramin da mafi ƙarancin wahala. Lissafi yana iya nuna inda kowace ƙwaya za ta faɗa.

"To, ƙwaya biyu da suke maƙwabta a tuli, in sun isa rami za su zauna maƙwabta, ko hanya za ta raba su?"

An daɗe da tabbatarwa, in ji shi, in ramin kamar ƙwarya yake, ba lungu, ba sa rabuwa. In yana da ƙugu irin na kalangu, sukan rabu. Shi kuma ya haƙiƙance cewa in lotsawar kaɗan ce ba za su rabu ba, kuma zai kafa hujja. Abokansa sukan yi dariya su ce, "Malam, kawo shebur mu gwada mana."

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana neman wannan hujja, bayan la'asar da ranakun hutu. Ana haka hawan jinin ido ya kama shi, ganinsa ya riƙa tsukewa, rubutunsa yana ƙara girma. Shekarar da ya yi ritaya ya kammala, shafi hamsin da takwas. Ranar matarsa Zubaida kaji biyu ta sa aka yanka.

'Yarsu Hussaina, wadda ta gaje shi, tana digiri na biyu a lissafi a Kano. Ta zo hutu don ta buga masa aikin a kwamfuta a aika wa mujalla. Tana bugawa tana bin hujjar, har ta iso shafi na talatin da ɗaya, sai hannunta ya tsaya. A nan ya ce wani adadi ba zai wuce iyaka ba, ya jingina da abin da ke shafi na arba'in. Ta buɗe na arba'in, ta tarar shi ma a kan na talatin da ɗaya ya jingina.

Mako biyu tana ce wa mahaifinta wuta ce babu, shi ya sa ba ta gama bugun ba. Uwar ta lura ba ta cin abinci, ta ritsa ta a madafa, Hussaina ta faɗa mata.

Zubaida ta ce, "Ki buga masa yadda ya rubuta, ki yi shiru. Me ya rage masa?"

"Umma, in ban faɗa ba, baƙo ne zai faɗa masa a wasiƙa."

Ta same shi gindin mangwaro, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, akwai wurin da ban gane ba."

"Karanto, uwata."

Ta karanta shafi na talatin da ɗaya, ta karanta na arba'in. Ya ce ta sake. Ta sake. Ya daɗe yana murza gefen tabarma, sannan ya ce, "Kin gane sarai. Ni ne ban gane ba."

Bai karaya nan da nan ba. Hussaina ta jinkirta komawa makaranta, ta zama idonsa, wata biyu suna neman yadda za su ɗinke wurin. Wata rana da kaka, ana karyar masara yana zaune a bakin gona, sai ya ƙwala mata kira ya ce ta kawo biro. Ya yi mata shifta shafi uku: rami mai 'yar tsaga ƙanƙanuwa a gefe, mai kaifi. Ta bi lissafin sau huɗu, babu kuskure. A wannan ramin ƙwayoyin suna rabuwa. Abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana nema ya tabbatar ba gaskiya ba ne, kuma da bakinsa ya rushe shi.

Ta ce, "Baba, ai wannan ma sakamako ne. Shi za mu aika."

Fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce ta fara dubawa ko an riga su.

Da ta koma Kano ta duba. An riga su. Wani matashi a wata ƙasa ya buga misali kusan irinsa. Ba ta iya faɗa a waya ba, ta hau mota ta dawo Riruwai. Ya saurare ta har ta gama.

"Yaushe ya buga?"

"Shekara shida ke nan, Baba."

Ya ce, "Shida. Lokacin ina gani."

Zubaida ta tashi ta shige ɗaki. Hussaina ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, shi ne ma yake ba ta haƙuri, yana cewa ta yi abin da ya koya mata.

Bai ƙara cewa a karanta masa komai ba. Idon hagu ya tafi da bazara, na dama ya bi bayansa. Hussaina ta gama digirinta a wani fannin lissafi dabam, har yanzu ita da uwarta ba sa tayar da zancen. Yana nan a zaure yawancin yini. Tsofaffin ɗalibansa sukan biyo su gaishe shi, wanda bai ji labari ba ya ce, "Malam, ina aikin nan namu?"

Sai ya ce, "Bai fita ba." Daga nan ya tambayi mutum lafiyar yara.