Fitilar da ke jiran Baba Ramesh

Da safen nan labarin ya same ni. Ina buɗe shago a Deira, nan Dubai, sai ga kiran abokin ɗakinsa: Baba Ramesh ya rasu. Zuciya ce, yana cikin shirin fita aiki.



Duk ɗan Kanon da ya taɓa loda kaya a layinmu ya san shi. Dattijon Ba'indiyen nan mai ɗaure kwalaye a sito, wanda Hausarsa kaf ba ta wuce "sannu da aiki, Alhaji" ba. Kowa Alhaji ne a wajensa, har Hajiyoyin.

Shekarar da na zo, wata magariba na tarar ya jera 'yan kasake a bakin sito, da mai da lagwani, duk suna ci. Na ce, "Baba, a Dubai ma ana ɗauke wuta?" Ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce Diwali ce, babban bikinsu na fitilu. A addininsu, an kori Rama, wani ɗan sarki da suke bauta wa, daga gida ya yi shekaru a daji. Ranar da zai dawo babu wata a sama, sai mutanen garin suka kunna fitilu don ya ga hanya. Shi ya sa suke share gida tas, su yi zane da gari mai launi a ƙofa don tarbar Lakshmi, wadda suke ɗauka uwar arziki, su raba wa maƙwabta kayan zaƙi.

Sai ya rage murya ya ce, "Matata can gida tana kunna guda ɗaya daban, a bakin hanya. Wannan tawa ce."

Addininsa daban, nawa daban, kuma ba mu taɓa samun saɓani a kai ba. Da azumi ba ya shan shayi a gabanmu. Da babbar sallah na kai masa soyayyen naman layya, ashe bawan Allah ba ya cin nama. Ya karɓa hannu bibbiyu ya raba wa direbobi. Tun daga nan alkaki uwargida ke yi masa.

Tun zuwansa ƙasar nan hutunsa bai taɓa dacewa da Diwali ba, kullum lokacin lodi take faɗowa. Bana ne aka sake shi.

Juma'ar da ta wuce ya tare ni yana nuna min tikiti a waya, yana murna kamar yaron da aka ɗinka wa kayan sallah.

"Khalas, shi ke nan, Alhaji. Bana ni zan kunna mata."

Rabuwarmu ke nan.

Ɗazu na kira 'yarsa na yi mata gaisuwa. Ta ce a al'adarsu gidan da aka yi rashi ba ya bikin a shekarar, ba zane, ba kayan zaƙi. Amma mamarta ta ce fitilar bakin hanyar nan sai ta kunna ta, tunda yana tafe.

Wallahi kashe waya na yi na zauna ina kuka.

Muna ta fafutukar takardu don gawarsa ta isa gida kafin ranar Diwali. Allah Ya sauƙaƙa mana. Allah Ya ba matarsa da 'yarsa haƙuri da dangana.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a. Mu kuma da ke nema a ƙasar wasu, Allah Ya mai da mu gida da ƙafafunmu, masu jiranmu suna raye.