Ɗalhatu da Harajin Yayansa

Duk wanda ke bin unguwar Al Thumama a Doha da safe ya san motar makarantar da Ɗalhatu ke ja. Mutumin Gumel ne, dogo siriri, ba ya dariya sai ya tabbatar ba da shi ake ba. Ya yi kabu-kabu a Kano, ya yi gadi a Asian Town, kafin kafil ɗinsa, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya gane cewa wanda bai yarda da kowa ba shi ya dace a damƙa wa 'ya'yan mutane. Ko dabino ka miƙa masa sai ya ɓare ya leƙa ciki.

Ranar Juma'a yakan zo gidan 'yata Haulat a Al Asmakh, inda nake tuƙa tuwo don mutanenmu da shinkafa ta gundura. A nan na san zancen ɗansa na fari, Saifuddeen. Ni na faɗi sunan, shi ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Kunyar ɗan fari gare shi irin ta mutanen da, "yaron can" kawai yake cewa. Tun yaron na ƙarami yayansa Zulkiflu, direban tasi a Amurka, ya ɗauke shi riƙo. Yanzu yana jami'a a can, da bashin karatu mai kuɗin ruwa a wuyansa. Ruwan nan shi ke cin ran Ɗalhatu. Duk wata yana tura abin da ya samu ta hannun yayan nasa a rage bashin, yana istigfari.

Wata Juma'a ya shigo fuska a murtuke.

"Wa ya mutu, ko kafil ne ya gaishe ka da fara'a?" na ce.

"Hajiya, yaron can ne ya kira. Ya fara ɗan aiki, ya je wajen masu lissafin haraji. Sun ce da an yi masa rangwame saboda ruwan bashin nan, amma Yaya ya daɗe da sa shi cikin waɗanda yake ciyarwa a takardar harajinsa. Yaya ake rage wa."

"Kai ke biya a Doha, shi ke shan inuwa a Amurka?"

"Ban ce haka ba."

"Fuskarka ta ce."

Daga nan ya fara tono. Me ya sa Yaya ya zaɓi wannan yaron, ba ƙannensa ba? Me ya sa duk farkon shekara, lokacin haraji, yake kiran waya da zaƙin baki? Ya rantse yau zai gaya masa ya cire yaron, kowa ya san ɗan wane ne.

Masahudu, ɗan Zangon Kumasi mai gadin wani otal, ya ajiye loma ya ce, "Yalla, maza buga masa, mu ne shaidu."

Ɗalhatu ya buga, Zulkiflu ya fito a fuskar waya, kumatu kamar an hura. Aka gaisa har miya ta huce. Da ƙyar Ɗalhatu ya kai ga maganar harajin. Zulkiflu bai yi musu ba, murmushi ya yi, irin na wanda ya san ƙaninsa tun yana tsumma.

"Ba komai, Ɗalhatu. Sai in cire shi. Amma faɗa mini da bakinka, yaron ɗan wa ne?"

Ɗalhatu ya dubi tabarma, ya gyara hula, gumi ya karyo masa.

"Haba Yaya. Ai naka ne."

"To shi ke nan, khalas, kamar yadda kuke cewa a can."

Masahudu ya fizge wayar. "Alhaji, tunda naka ne, ashe bashin ma naka ne ko?"

Nan take hoton ya daskare. Muna jin murya tana cewa, "Halo? Halo? Layin nan ba kyau." Layin da ya ɗauki gaisuwar kowa da kowa har da ta awakin Gumel!

Na zaci Ɗalhatu zai gode. Ina! Sai ya rufe Masahudu da faɗa, wai ya kunyata masa yaya a gaban mutane. Ya tashi bai ƙarasa tuwonsa ba.

Da wata ya ƙare na tambaye shi ko ya tura. Ya ce ya tura, amma wannan karon kai tsaye ga yaron can, bai bi ta hannun Yaya ba. Zulkiflu kuwa har yau bai cire yaron daga takardar harajinsa ba.